Igwar Manuwa a Bakin Binuwai

Duk sanda na kai ga darasin Yaƙin Duniya na Ɗaya, ɗalibaina a nan Kuki sukan yi shiru idan na ambaci manuwa. Ba laifinsu ba ne, domin babban ruwan da suka sani shi ne na madatsar Zoɓe.

A 1906 ne Ingila ta ƙaddamar da manuwar da ake kira Dreadnought. Kafin ita, jirgin yaƙi yakan ɗauki manyan igogi huɗu da tarin ƙanana. In an harba su tare, mai saiti ba ya iya bambance inda harsashin kowace ya faɗa a teku, balle ya gyara. Sai aka ɗora wa Dreadnought manyan igogi goma iri ɗaya, faɗin bakin kowace inci 12, harsashinta kuwa ya kusa nauyin buhun masara huɗu. Nan da nan Jamus ta shiga gasa. Abin dariya, jirgi ɗaya tak Dreadnought ta nutsar a yaƙin, wani mai tafiya ƙarƙashin ruwa, a 1915, shi ma karo ta kai masa.

To, mai karatu, ina ruwanmu? Ruwanmu na Garwa. A Agustan 1914 sojan Nijeriya, waɗanda da yawansu Hausawa ne, suka auka wa sansanin Jamus da ke can, aka koro su da mummunar asara, har kwamandansu ya mutu. Jamusawa sun haƙa ramuka, sun yi ganuwar da ƙananan bindigogi ba sa yi mata komai. Sai Turawa suka ciro wata igwa daga jirgin yaƙinsu Challenger, mai harsashin fam 12. A teku ƙaramar aba ce, amma a Binuwai giwa ce. Aka biyo da ita ta Kwara, aka shiga Binuwai har Yola. A ganina, wahalar waɗanda suka yi dakonta ta isa littafi guda, ga marubucin da ke neman labari.

Ƙarshen Mayun 1915 Kanar Cunliffe ya kewaye Garwa, Faransawa ma suka kawo tasu igwar. Da ruwan wuta ya yi tsanani, sojan ƙasa da ke wa Jamus aiki suka ƙi umarni, wasu suka faɗa kogi don su tsere, suka nitse. Ran 10 ga Yuni aka ɗaga farar tuta.