Yadda rawa ta zama harshen soyayya a tsofaffin finafinan waƙa na Amurka

Tsakanin 1933 da 1939, Fred Astaire da Ginger Rogers sun fito tare a finafinai tara na kamfanin RKO, dukkansu masu hoto baƙi da fari. Labarin kusan ɗaya ne kullum: saurayi ya ga budurwa, ta ƙi shi, rashin fahimta ta shiga tsakani, sannan su daidaita. Abin da ya sa har yau ake nazarinsu shi ne, ba a cikin zance soyayyar take ƙulluwa ba, a filin rawa take. Dokar tace finafinai da matsin tattalin arziki suna da hannu a cikin hakan.

Asalin salon

Fim mai magana ya kankama ne da The Jazz Singer na kamfanin Warner a 1927. Nan da nan kamfanoni suka cika gidajen sinima da finafinan waƙa, har 'yan kallo suka gundura. Salon ya farfaɗo a 1933 da 42nd Street, inda Busby Berkeley ya riƙa jera 'yan rawa masu yawa yana ɗaukar su daga sama kamar zanen tabarma.

A wannan shekara kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ma'aikatan Amurka ba su da aikin yi. Wasu finafinan sun taɓo halin da ake ciki: Gold Diggers of 1933 ya rufe da waƙa kan tsofaffin sojojin Yaƙin Duniya na Ɗaya da suka koma bin layin abinci. Na Astaire da Rogers kuwa sun ɗauke hankalin talaka ne zuwa manyan otal-otal, da kwat da doguwar hula, da rigunan alfarma.

Dokar tace finafinai

A 1930 manyan kamfanonin fim suka amince da wani kundin ladubba da aka fi sani da Dokar Hays. Ba gwamnati ce ta kafa shi ba. Masana'antar ce ta ɗaure kanta don tsoron kada gwamnati da ƙungiyoyin addini su ɗaure ta. An fara aiki da shi gadan-gadan a Yulin 1934 ƙarƙashin Joseph Breen, bayan matsin lamba daga mabiya ɗarikar Katolika. Kundin ya hana sumba mai tsawo ta sha'awa, da rawar da ke kwaikwayon batsa, da soyayya tsakanin farar fata da baƙar fata. Bai kau ba sai a 1968.

Abin da ya rage wa masu shirya fim shi ne rawar mace da namiji mai natsuwa, a cikin cikakkiyar sutura. A The Gay Divorcee na 1934, Rogers tana neman ficewa, Astaire yana tare mata hanya, har ta miƙa hannu suka shiga rawa. Da kiɗa ya tsaya ta zauna shiru tana kallonsa, shi kuma ya miƙa mata taba. Daga nan ɗan kallo ya gane an gama magana. A Swing Time na 1936 an buɗe ƙofa ta rufe su daidai lokacin sumba. Doguwar sumbarsu ta farko a gaban kyamara sai a Carefree na 1938, ita ma a cikin mafarki.

Yadda ake ɗaukar rawar

Astaire ya dage a nuna 'yan rawa daga kai har ƙafa, ba tare da yawan yanke hoto ba, domin kada a ɓoye kuskure da dabarar kyamara. Shi da Hermes Pan suke tsara taku, su yi makonni suna gwaji. Rawar ƙarshe ta Swing Time an maimaita ɗaukarta fiye da sau arba'in, har ƙafar Rogers ta yi jini. Kiɗa ya fito ne daga manyan marubutan waƙa irin su Irving Berlin, wanda ya rubuta waƙoƙin Top Hat na 1935, fim ɗin da ya fi kawo wa RKO riba a shekarun 1930.

Waɗanda aka bari a gefe

Rawar buga ƙafa da Astaire ya shahara da ita tana da tushe a wurin baƙaƙen fata na Amurka, amma ba su aka ba matsayin masoya ba. Bill Robinson ya fito a matsayin bara a The Little Colonel na 1935, inda ya yi rawar matakala da ƙaramar yarinya Shirley Temple. A Swing Time, Astaire ya shafa baƙin fenti a fuska da sunan karrama Robinson, al'adar da a yau ake ɗauka cin mutunci. 'Yan'uwan nan biyu, Fayard da Harold Nicholas, da suka nuna bajinta a Stormy Weather na 1943, galibi ana saka rawarsu ne a waje da labari, ta yadda gidajen sinima na kudancin Amurka za su iya yanke ta.

Ita ma Rogers, duk da cewa nauyin rawar a kan su biyu yake, sai da ta yi ta fafutuka da kamfani kan albashi, domin Astaire ya fi ta samu.

Ƙarshen zamanin

Zuwa 1939 kuɗin shiryawa ya ƙaru, riba ta ja baya, suka rabu. Rogers ta koma finafinan da ba na rawa ba, ta ci lambar Oscar da Kitty Foyle na 1940. Sun sake haɗuwa sau ɗaya a The Barkleys of Broadway na kamfanin MGM a 1949, wannan karon da hoto mai launi. Astaire ya rasu a 1987, Rogers kuma a 1995.