Tarihin Sarkawa Cikin Sunayen Kayan Su

Hausawa sun ce, kifi na ganinka mai jar koma. To, mu nawa ne a cikinmu muka taɓa ganin koma? Ni a ganina, tarihin masunta yana cikin sunayen kayan aikinsu.

A ƙasarmu ta Bagudo, wadda Sharabi ke ciki, kusa da iyakar Binin, su sana'ar Sarkawa ce. Asalinsu Sorko ne na daular Songhai. Suka gangaro kogin Kwara, suka zauna ƙasar Kabi, har bakinsu ya koma Hausa. Basarke yakan jefa birgi, ya ja taru, ko ya kafa mamari mai ƙugiyoyi barkatai. Fatsa kuwa ta yara ce da masu neman nishaɗi.

Homa da gora su ne kayan gado. Da su ake kama giwan ruwa a bikin Argungu, wanda ya kafu a 1934, sa'ad da Sarkin Musulmi Hassan ya ziyarci Kabawa. A 1968 aka gama madatsar Kainji, ruwa ya taru har Yawuri. A zamanin nan ne kuma zaren nailan ya ture na rama.

In kaya suka ɓace, sunayensu za su bi su. Wajibinmu ne mu tattara su tun dattawa na raye.