Hagu ko Dama: Gefen da Aska ke Zama a Babbar Riga

A bara, lokacin makon raya al'adu na makarantarmu a nan Dakoro, mun shirya wasan kwaikwayo a kan naɗin sarauta, muka ba wani tela aikin babbar riga da yaron da zai fito a matsayin sarki zai saka. Tela ya yi aiki mai tsabta da kekensa. Amma da yaro ya shigo fage, sai wani dattijo daga cikin iyayen yara ya matso kusa da ni, ya ce a hankali: "Malam, wannan sarkin naku bahago ne?" Na ce, "Me ka gani, Baba?" Ya nuna mini ƙirjin yaron. Aljihu da askarsa duka suna dama. Da na bincika daga baya, ashe hoton da aka kai wa tela a waya an ɗauke shi ne ta madubi, shi kuwa ya kwafi abin da ya gani.

Kunyar da na ji a ranar ita ce ta sa na koma ga wata tambaya da ban taɓa yi wa kaina ba, ga shi kuwa tun ina yaro nake ganin riga a jikin iyaye da kakanni: wa ya ce aska ta zauna a hagu, kuma tun yaushe?

Sai mu fara da yadda ake gina rigar. Masaƙin ƙasar Hausa ba ya saƙa ƙyalle mai faɗi. Yana fitar da dogon zubi ne wanda faɗinsa bai wuce tafin hannu ba, wani ma bai kai yatsu biyu ba, sannan maɗinki ya jera su baki da baki ya haɗe. Riga mai daraja takan ci gomiyoyin irin waɗannan zubi. Idan an gama haɗi aka yanka wuya, akwai wurare biyu da ke shan wahala fiye da ko'ina: bakin wuya, inda nauyin rigar duka yake rataye, da bakin aljihu, inda hannu ke shiga yana fita dare da rana. A nan ne aka fi zuba zare, kuma daga nan ne ado ya bazu. Ashe kenan cin wuya da linzami, kafin su zama ƙawa, ƙarfafa riga suke yi don kada ta yage.

To, aljihun babbar riga ba ƙarami ba ne. Faffaɗan ƙyalle ne da ake ɗorawa a gaba, ya rufe ƙirji da ciki ta ɓangaren hagun mai sanye da ita. A kansa ne askoki ke sauka, dogaye masu tsini suna kallon ƙasa, ko aska biyu ko aska takwas, tare da gidan biyar da sauran zane. A dama kuwa, tambari ne ke zaune shi kaɗai, wato da'irar nan mai murɗewa, sai kuma wani babba a baya tsakanin kafaɗu. Don haka rigar Bahaushe ba ta raba adonta biyu daidai. Gefe ɗaya a cike yake maƙil, ɗayan kuma kusan fili ne, kuma wannan rashin daidaito shi ne kyanta.

A ganina, dalili mafi ƙarfi yana ga hannu. Mutumin da ke sanye da riga mai faɗin hannuwa, ya naɗe su a kafaɗa, hannun damansa a sauƙaƙe yake ƙetare ƙirji ya shiga aljihun da ke hagu. Da dama muke ci, da ita muke gaisawa, da ita muke miƙa goro ko kuɗi ga na gaba da mu. Da an sa aljihu a dama, da hannun hagu ne zai riƙa ciro kyauta, abin da tarbiyyarmu da addininmu ba su so. Shi ya sa tambayar dattijon nan ta dace ƙwarai, ko da yake cikin raha ya yi ta.

Wannan tsari ba na jiya ba ne. Rigunan ƙarni na 19 da ke ajiye a gidajen tarihi na Turai suna nuna aljihu da aska a hagu. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya ratsa Tasawa da Gazawa a farkon shekarar 1851 kafin ya isa Katsina da Kano, ya yi mamakin yawan tufafin da Kano ke fitarwa, har ya kimanta cewa kayan raƙuma 300 ne ke tafiya Tumbutu kaɗai a kowace shekara. A zamanin Daular Sakkwato riga ta zama alamar girmamawa, sarki kan tufatar da wanda ya naɗa ko baƙon da yake son karramawa. Ana saƙa wani wuri, a rina a wani wuri, a yi ado a wani wuri. Nufawan Bida sun yi fice wajen allura, Kano da Kura sun yi fice wajen rini da bugu, Zazzau kuma har gobe ana yi mata kirari da ɗinkin hannu. Zaren adon ma daga nesa yake: tsamiya ta dajinmu ce, alharini kuwa ta hamada yake shigowa daga Tarabulus. Abin lura shi ne, duk da hannaye da yawa da garuruwa da yawa da riga ɗaya ke ratsawa, har da Ilori da ƙasar Yarbawa inda ake kiranta agbada, gefen aljihu bai canza ba. Katsinawan da suka kafa Maraɗi bayan jihadi sun yi ta yaƙi da Sakkwato shekara da shekaru, amma a kan wannan ba su saɓa ba.

Mai zane ne ke riƙe da wannan doka. Kafin allura ta taɓa riga, akwai wanda ke shimfiɗa ta ya zana aska da tambari da alƙalami da tawada, kuma galibi malamin allo ne ko almajirinsa. David Heathcote, wanda ya yi bincike mai zurfi a kan adon tufafin Hausa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a shekarun 1970, ya nuna irin rawar da malamai suka taka a wannan sana'a. Shi mai zane ya san cewa idan riga tana shimfiɗe a gabansa tana kallonsa, hagun mai riga damansa ne shi. A nan ne ɗan koyo ke fara tuntuɓe.

A matsayina na malamin Faransanci, na tarar da irin wannan gardama a wani wuri da ban zata ba. Turawa suna da wata tsohuwar saƙa ta hannu da Faransawa ke kira dentelle aux fuseaux. Mace kan ɗora kati mai zane a kan matashi mai tauri, ta kafa allurai masu kai, sannan ta riƙa sarƙa zaruruwa da ke naɗe a jikin ƴan sanduna masu kama da mazari. Sana'ar ta bunƙasa a ƙarni na 16 a Italiya da Filanda, har an buga littafin zane-zanenta mai suna Le Pompe a Benis a 1557, kuma garin Le Puy a Faransa ya shahara da ita. Idan ana saƙa wadda za a yi wa tufa baki da ita, gefe ɗaya miƙaƙƙe ne, shi ake ɗinkawa a jikin ƙyalle, Faransawa suna ce masa pied, wato ƙafa. Ɗaya gefen mai lanƙwashe-lanƙwashe shi ne tête, wato kai. To, masaƙan Ingila bisa al'ada suna ajiye ƙafar a damansu, su kuwa na Faransa da Beljiyam da Jamus galibi a hagu. Wadda ta koya a Ingila, idan ta buɗe littafin Faransa, sai ta juya zanen kamar a madubi ko kuma ta sake wa hannunta horo.

Sai dai akwai bambanci babba. A wajen Turawa, idan an cire saƙar daga matashi aka ɗinka ta a wuyan riga, mai kallo ba ruwansa da inda ƙafa ta kwanta lokacin aiki. Gado ne na malama da ɗalibarta, iyakarsa ɗakin aiki. Namu kuwa yana fita kasuwa da masallacin idi, kowa na gani, kuma yana ɗaure da yadda mutum ke motsa hannunsa a gaban jama'a.

Injin ya riski sana'o'in biyu. A Ingila John Heathcoat ya fito da na'urarsa a 1809, bayan ƴan shekaru aka tsallako da irinta Kale a Faransa, saƙar hannu ta soma ja da baya. Leshin da matanmu ke sayowa daga Kano ko Maraɗi ma ba wannan saƙar ba ce, ado ne na inji, wanda masana'antun Lustenau a Ostiriya suka soma kawowa Nijeriya a shekarun 1960. Mu kuma keken zubi ya shigo da shadda, ya kawo adon da ke sauka tsakiyar ƙirji, rabi nan rabi can. Ba na ƙin wannan, ni ma ina da irinta ta zuwa biki. Abin da ke damuna shi ne ranar da muka ce za mu nuna wa yara rigar gargajiya, mu malamai da ƙungiyoyin al'adu, sai mu dogara da hoton waya, alhali a kowace unguwa akwai tsohon da ke da riga a adaka, wanda zai yarda ya shimfiɗa ta a tabarma ya faɗi sunan kowane zane.

Dattijon nan ya aro mana tasa a rana ta biyu, saƙi ce mai aska biyu da ya gada daga mahaifinsa. Ta yi wa yaron yawa, sai da muka naɗe hannuwan sau uku a kafaɗa. Da aka zo wurin da sarki zai ba maroƙi kyauta, hannunsa na dama ya tafi aljihu ba tare da an koya masa ba. Waccan rigar ta tela kuwa, zubin keke ba ya warwaruwa sai ya ɓata shadda, tana nan a akwatin kayan wasa, yara suna kiranta rigar bahago.