Shari'ar Al'ummar Ogiek da Gwamnatin Kenya

Shari'ar Ogiek ƙara ce da aka yanke hukuncinta ranar 26 ga Mayu, 2017, a Kotun Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam da Al'ummomi da ke Arusha, ƙasar Tanzaniya. Su Ogiek al'umma ce ta mafarauta da masu ɗibar zuma, waɗanda tun kaka da kakanni suke zaune a dajin Mau, inda abincinsu da wuraren ibadarsu suke.

Asalin mas'alar kuwa, a watan Oktoba na 2009 hukumar gandun daji ta Kenya ta ba su wa'adin kwana 30 su tashi, bisa hujjar cewa dajin mafarin ruwaye ne da ya wajaba a kiyaye. Da kukansu ya isa ga Hukumar Haƙƙin Ɗan Adam ta Afirka, sai ta miƙa al'amarin ga kotun a 2012.

Bayan alƙalai sun auna hujjojin ɓangarorin biyu, sai suka tabbatar cewa Ogiek 'yan asalin wurin ne, cewa gwamnati ba ta kawo dalilin da ya nuna su ne musabbabin lalacewar dajin ba, kuma ta tauye musu haƙƙin ƙasa da addini da al'ada. A watan Yuni na 2022 kotun ta hukunta a biya su diyyar shilin Kenya miliyan 157 da dubu 850, a kuma mallaka musu ƙasar kakanninsu a rubuce, mallakar tarayya.