Niprisan: maganin sikila da takardar mallakarsa

Masoro, kanumfari, ganyen dawa da itacen wata bishiya 'yar uwar madobiya. Biyun farko babu gidan da za ka shiga a nan Rido ka rasa su, amma haɗin huɗun ne ya zama Niprisan, maganin rage tashin ciwon sikila da cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta samar.

Asalinsa sirri ne. Wani mai maganin gargajiya, Rabaran Paul Ogunyale, shi ke da haɗin, kuma sai da aka ƙulla yarjejeniya da shi a farkon shekarun 1990 kafin masu bincike ƙarƙashin Farfesa Charles Wambebe su fara aiki a kai. A 1998 Amurka ta ba da takardar mallakar ƙirƙirar, da sunansa a ciki.

Mutane kan ɗauka wannan takarda ɓoye ilimi take yi. A'a, ciniki ne: ka bayyana wa duniya yadda ka haɗa abin, hukuma kuma ta hana kowa sayar da shi ba da izininka ba har shekara 20. Inda ɓoyon yake shi ne kafin a shigar da buƙata, domin a dokar Najeriya ta 1970 abin da aka riga aka wallafa ba sabo ba ne.

To amma bayyanawa daban, magani a kanti daban. A 2002 aka ba kamfanin Xechem na Amurka, shi kaɗai, lasisin sarrafa shi. Ya fito kasuwa a 2006 da sunan Nicosan, kamfanin ya durƙushe a 2008, maganin ya ɓace. Haɗin na nan a rubuce kowa na iya karantawa, iyayen masu sikila kuwa suna ta cigiya. Sai 2018 aka ba May & Baker sabon lasisi. A ganina ba takardar ce ta jawo wannan ba, damƙa ta a hannu ɗaya ne.

Jami'o'inmu sun shigo wannan fage daga baya. Dokar Bayh-Dole ta 1980 ce ta ba jami'o'in Amurka damar mallakar binciken da gwamnati ta biya kuɗinsa. A nan, hukumar NOTAP ta fara buɗe ofisoshin mallakar fasaha a jami'o'i a 2006. Shi ya sa yau malami ke tsaka mai wuya: ƙarin girma na son ya wallafa da wuri, ofishin kuwa cewa yake ya yi shiru tukuna, ko a taron ƙara wa juna sani, har sai an shigar da takarda.