BABI NA UKU: MALAMIN ASIBITI A KARKARAR AREWACIN NIJERIYA, 1930 ZUWA 2014

3.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan masu maganin gargajiya, wato wanzamai da maɗora da ungozomomi da bokaye. A wannan babi kuwa za a dubi wani mutum wanda ya zo daga baya ya zauna a tsakaninsu, wato malamin asibiti. Abin da ake nufi da malamin asibiti a nan shi ne ma'aikacin lafiya wanda bai kai matsayin cikakken likita ba, amma aka horar da shi ya duba marar lafiya, ya gane cutar da ke damunsa, ya ba shi magani. A Amurka ana kiran irin wannan ma'aikaci mataimakin likita, kuma a Jami'ar Duke aka fara horar da su a 1965. A ƙasar Hausa kuwa aikin ya girmi wannan suna nesa ba kusa ba. Abin lura ma shi ne, Bahaushen ƙauye ba ya ce masa mataimaki. Likita yake kiransa kai tsaye, domin bai ga wanda yake taimaka wa ba.

3.1 Zamanin En'e

Likitocin da Turawan mulkin mallaka suka zo da su tun farko, aikinsu shi ne kula da sojoji da ma'aikatan gwamnati, don haka a manyan garuruwa aka kafa asibitoci. Karkara sai aka bar wa hukumomin En'e, waɗanda suka riƙa gina ɗakunan shan magani a garuruwan hakimai da kuɗin baitulmali, wato harajin talakawa da jangali. Wanda ake sa wa a irin wannan ɗaki yawanci saurayi ne da ya yi karatun boko kaɗan, aka koya masa wanke gyambo da ɗaure rauni da ba da maganin zazzaɓi da na tsutsar ciki. Likita Bature yakan zo rangadi jifa-jifa ya duba littafinsa ya wuce. Sauran kwanakin kuwa shi ne wuƙa shi ne nama.

Inda amfanin waɗannan ma'aikata ya fito fili sosai shi ne yaƙi da ciwon barci a shekarun 1930, musamman a ƙasar Zazzau. Likitoci ƙalilan ne ke jagorancin aikin, amma 'yan ƙasa da aka horar su ne ke bi ƙauye-ƙauye suna lalubar wuyan jama'a don neman kaluluwa, su ɗebi ruwanta su duba a madubin likita, sa'an nan su yi wa wanda aka samu da cutar allura. A ƙarshen shekarun ne aka soma shirin Anchau, inda aka sare kurmin da ƙudan tsando ke fakewa a bakin rafuka, aka sake wa mutane matsuguni, har aka gina sabon gari aka sa masa suna Takalafiya.

Ta fuskar ilmi mai zurfi kuwa, al'amarin ya zo da gardama. A 1930 aka buɗe makarantar likitanci ta Yaba a Legas don horar da mataimakan likitoci. Ɗalibanta suna shafe shekaru suna karatu, amma takardar shaidarsu ba ta aiki a wajen Nijeriya, albashinsu kuma bai kai na waɗanda suka yi karatu a Ingila ba. Saboda haka 'yan kishin ƙasa suka ɗauki abin a matsayin raini, wato dabara ce ta hana baƙar fata zama cikakken likita. Makarantar da aka buɗe a Kano a tsakiyar shekarun 1950 don irin wannan manufa ita ma ba ta yi tsawon rai ba. A ganin mai wannan nazari, masu sukar suna da hujja. To amma ya kamata a tuna cewa likita na farko ɗan Arewa, Dokta Barau Dikko, sai a 1940 ya kama aiki, kuma Jami'ar Ahmadu Bello ba ta fara koyar da likitanci ba sai a 1967. Ke nan duk tsawon lokacin da ake wannan gardama a birni, mutumin ƙauye ba shi da kowa sai malamin ɗakin shan magani, wanda iliminsa bai kai ko kusa da na ɗalibin Yaba da ake rainawa ba.

3.2 Daga 1975 Zuwa 2014

A shirin raya ƙasa na uku, wato daga 1975 zuwa 1980, gwamnatin tarayya ta fito da tsarin kai kiwon lafiya karkara. Kuɗin man fetur yana nan a lokacin, sai akasarinsu suka tafi wajen gine-gine da sayen kayan aiki, wasu gine-ginen ma ba a gama su ba. Abin da ya ɗore daga shirin shi ne makarantun koyon aikin lafiya da aka kafa a jihohi. A 1976 kuma gyaran ƙananan hukumomi ya kawo ƙarshen En'e, ɗakunan shan magani suka koma hannun ƙananan hukumomi.

Bayan taron Alma-Ata na 1978, inda ƙasashen duniya suka amince a fifita kiwon lafiya matakin farko, sai a 1979 aka fara horar da jami'an lafiyar al'umma a asibitocin koyarwa. Wannan jami'i shi ya fi kusa da abin da Amurkawa ke kira mataimakin likita. Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, wanda ya riƙe ma'aikatar lafiya daga 1985 zuwa 1992, shi ya ba tsarin ƙarfi: a 1986 aka zaɓi ƙananan hukumomi 52 don gwaji, a 1988 aka ƙaddamar da manufar lafiya ta ƙasa, a 1992 kuma aka kafa hukumar yi wa waɗannan ma'aikata rajista.

Makamin aikinsu shi ne littafin ƙa'idoji, wanda ya kamata a ɗan tsaya a kansa. Littafin yana gaya wa ma'aikaci tambayar da zai yi wa marar lafiya, da abin da zai duba a jikinsa, da maganin da zai bayar, da kuma inda ikonsa ya ƙare, wato lokacin da tilas ya tura shi babban asibiti. Muddin ya bi littafin, doka tana bayansa. Matsalar ita ce littafin ya ɗauka akwai hanya, akwai mota, akwai kuɗin mota, alhali da damina wani ƙauyen ko babur ba ya shiga.

A 2014 gwamnatin tarayya ta amince da manufar rarraba ayyukan lafiya, wadda ta ba ma'aikacin da aka ƙara wa horo damar karɓar haihuwa, da ba da maganin tsayar da zubar jini bayan haihuwa, da yi wa mai jijjiga allurar farko kafin a tura ta gaba. Wasu daga cikin waɗannan ayyuka malaman asibitin ƙauye sun daɗe suna yin su bisa larura, ba tare da izini a rubuce ba.