Tarihin Kalmomin Ingilishi a Bakin Kurfayawa

Yau hirarmu ta tarihi ce, kuma da tambaya za mu fara. Ingilishi bai taɓa mulkin Kurfai ba. Faransawa ne suka zauna Filinge tun farkon ƙarni na 20, har ƙasarmu ta samu ƴancin kai ranar 3 ga Agusta 1960. To, yaya aka yi bakinmu ya cika da kalmomin Ingilishi?

Ku je kasuwar Filinge ranar Lahadi ku kasa kunne. Za ku ji ana cewa mota, direba, taya, tasha, bokiti, burodi. Duk waɗannan daga Ingilishi suka fito. Ba da ƙafarsu suka zo ba. Mutane ne suka ɗauko su.

Ga yadda abin ya faru. A shekarar 1898 Ingila da Faransa suka yi yarjejeniya a Paris kan rabon ƙasashen nan. Sun sake gyara iyakar a 1904 da 1906. Ingilishi ya ci Kano da Sakkwato a 1903. Ƙasar Hausa ta rabu biyu, amma harshe bai rabu ba. Fatauci bai tsaya ba, zumunci ma bai yanke ba.

Hanya ta farko ita ce ta fatake. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Sabbin kaya suka cika kantuna, kowane da sunansa. Mai sayen kaya ya taho da kayan, ya taho da sunan.

Hanya ta biyu ita ce ta ƴan ci-rani. Idan an gama girbi, samarin yammacin Nijar suna tafiya Kurmi, wato ƙasar Gana ta yau, wadda Ingilishi ya mulka har 1957. Suna neman kuɗin haraji da na aure a Kumasi da Akara. Can suka yi aikin lebura, suka karɓi lada da sule da fam. A 1969 gwamnatin Gana ta kori baƙi marasa takardu, mutane da yawa suka komo gida.

Hanya ta uku ita ce rediyo da jarida. Sashen Hausa na BBC ya fara magana a 1957. Kafin nan, a 1939, an fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya.

Bari mu tsaya kan kwabon nan. Asalinsa kalmar Ingilishi ce, "copper", ma'anarta jan ƙarfe. Da jan ƙarfe ake ƙera ƙananan kuɗi, sai sunan ƙarfe ya zama sunan kuɗi. Sule daga "shilling" ya fito, kwabo 12 ke nan. Sisi daga "sixpence" ne, wato kwabo 6. Fam daga "pound", sule 20. Nijeriya ta bar fam da sule ranar 1 ga Janairu 1973, ta koma naira. Kuɗin sun tafi, kalmomin sun zauna. Har yau wanda aljihunsa ya bushe yana cewa ba shi da ko sisi. Dala ma, da muke kiran tamma 5, daga "dollar" take, sunan wani tsohon kuɗin azurfa.

Baƙuwar kalma ba ta shiga Hausa sai ta bi ladabin gida. Ku riƙe ƙa'ida biyu. Ta farko: Bahaushe ba ya fara kalma da baƙaƙe biyu a manne, sai ya sa wasali tsakani. Shi ya sa "bread" ta zama burodi, "driver" ta zama direba, "brake" ta zama birki. Ta biyu: harafin p yana komawa f. Shi ya sa "company" ta zama kamfani.

Mu ƴan Nijar da buhu biyu muke tafe, don mun ara wajen Faransawa ma. Ɗan Kano ya ce likita, a nan ana jin lokotoro. Shi ya ce ofis, mu mu ce biro. Babu wanda ya yi kuskure. Kowa ya ɗebi ruwa a rijiyar da ta fi kusa da shi.

Mene ne amfanin sanin wannan? A watan Maris 2025 an sa hannu kan sabuwar dokar ƙasa wadda ta mai da Hausa harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki. Wanda ya iya karatun Hausa ya kama bakin zare. Kada dattijo ya ce Ingilishi ya fi ƙarfinsa, alhali kullum yana furta kalmominsa bai sani ba.

Ga wasa ƙwaƙwalwa na wannan mako. Ku ja layi a tsakiyar allo. Dama ta Ingilishi, hagu ta Faransanci. Ku raba waɗannan: soja, jandarma, tebur, mangaza, asibiti, kamiyo, fensir, kaye. Kowane gefe huɗu zai samu. Wanda ya gama, ya tambayi wani tsoho da ya je Kurmi ya ba shi ƙarin kalma uku, ya rubuta su da hannunsa, ya kawo wa malami.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Mu kwana lafiya.